Marubuci, Ɗan Wasa da Mai Ba da Umarni a Jikin Mutum Guda: Misalin Wasan Kwaikwayon Kaduna

A wajen masana sana'ar fim, ayyuka uku ne ke ɗauke da kowane wasa, ko na dandali ne, ko na rediyo, ko na telebijin, ko kuwa na silima. Akwai marubuci, watau wanda ya ƙago labari ya sa wa kowa magana a baki. Akwai ɗan wasa, wanda zai ari jikin wani mutum ya sa, ya yi magana da yawunsa. Sa'an nan akwai mai ba da umarni, wanda 'yan sana'ar ke kira darakta, shi ne mai tsayawa a gefe yana kallon abin da ake yi da idon 'yan kallo, ya ce nan ya yi, nan kuwa a sake. A ƙa'ida mutum uku ke nan. Amma duk wanda ya bi tarihin wasan kwaikwayon Hausa na zamani, musamman wanda ya tashi a gidajen watsa labarai na Kaduna, zai tarar cewa sau da yawa mutum guda ne ke ɗauke da jinkar gaba ɗaya. Wannan maƙala za ta duba yadda haka ta faru, da abin da aka samu, da kuma wanne daga cikin ayyukan nan uku ne ke shan wuya idan an haɗa su.

Tun kafin zuwan Turawa, mai wasa a ƙasar Hausa bai san wannan rabon aiki ba. Ɗan kama shi ke tsara abin da zai faɗa, shi ke faɗa, shi ne kuma ke duban fuskokin mutane a kasuwa ya gane ko ya ci gaba ko ya sauya hanya. Haka 'yan gambara suke, haka ma samarin da ke tashe a cikin watan azumi. Mai ba su umarni shi ne taron da ya kewaye su: in an yi dariya an amince ke nan, in an watse kuwa an ce a sake. Rubutaccen wasa baƙo ne, ta makaranta ya shigo. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, su ne suka koya wa ɗalibai cewa ana iya samun wasa a kan takarda tun kafin a sami wanda zai yi shi.

A Kaduna ne waɗannan koguna biyu suka haɗu. A cikin shekarar 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da telebijin nata, wanda aka fi sani da Rediyo Telebijin Kaduna. Daga baya sashen telebijin ya koma ƙarƙashin NTA, wadda aka kafa a 1977, sashen rediyo kuma ya zama reshen Rediyon Tarayya a 1978. Gidan da ke watsa shiri kullum ciki ne da ba ya ƙoshi. Ana bukatar sabon wasa kowane mako, alhali marubutan da suka iya tsara wasa a rubuce ba su da yawa, kuma kuɗin da za a biya su bai taka kara ya karya ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a sami ƙungiyar 'yan wasa mai shugaba, shugaban ya zo da ƙashin labari, ya bayyana wa kowa matsayinsa da inda ake so zance ya dosa, a gwada sau ɗaya ko sau biyu, sa'an nan a ɗauka. Maganganun da za a ji a iska daga bakin 'yan wasa suke fitowa a nan take. To, wanda ya kawo labari shi ya san inda za shi, saboda haka shi zai ba da umarni. Tun da kuwa shi ne ya fi kowa sanin halin gogan labarin, shi zai fito a matsayinsa. Ta nan ne mutum guda ya zama mutum uku, ba don kwaɗayin suna ba, sai don haka aikin ya tilasta.

Samanja

Ba a Kaduna kaɗai ba, a duk Arewa da wuya a sami misalin da ya kai na Alhaji Usman Baba Pategi, wanda sunan wasansa, Samanja Mazan Fama, ya danne sunansa na yanka. An haife shi a 1942 a Pategi, cikin ƙasar Nufe, a gidan sarauta. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya taɓa aiki a gidan watsa labarai, ya shiga soja a shekarun 1960, kuma daga bisani ya shahara da wasan kwaikwayo a rediyo da telebijin na Kaduna, inda yake tsara labari, ya ba da umarni, ya kuma fito. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023.

Abin lura na farko shi ne, bai je neman labari wani wuri ba. Samanja muƙami ne na soja, shi ne babba a cikin ƙananan sojoji, mai tsawa a filin fareti, mai tsare da'a a bariki, wanda kurtu ke jin tsoronsa fiye da yadda yake jin tsoron hafsa. Amma fa shi ma yana da na gaba da shi, yana da iyali, yana da maƙwabta farar hula waɗanda ba su san dokar bariki ba. Mutumin da ya saba a ce masa "to" kafin ya rufe baki, idan ya shiga kasuwa ko ya koma gida, ga abin dariya nan a shirye, ba sai an ƙago ba. Wanda ya yi zaman bariki ne kaɗai zai san irin wannan rayuwa ciki da bai. Kaduna kuwa garin soja ce tun daga lokacin da Turawa suka mai da ita hedkwatar Arewa a madadin Zungeru. Hedkwatar Runduna ta Ɗaya da tsohuwar harabar Makarantar Horon Hafsoshi duk suna arewacin kogi, a tsakanin unguwanni irin su Kawo da Unguwar Kanawa da Unguwar Shanu. Ke nan mutanen da ake kwaikwayo da mutanen da ke kallo kasuwa ɗaya suke ci. Kuma wasan ya yi tashe ne a zamanin da soja ke mulkin ƙasa, lokacin da talaka ke ganin kaki ya kauce. Ganin soja a akwatin telebijin ana yi masa dariya, kuma tsohon soja ne da kansa ke jawo dariyar, ba ƙaramin abu ba ne.

Abin lura na biyu, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne irin Hausar da Samanja ke yi. Tun zamanin rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, Hausa ce harshen da ke haɗa sojoji 'yan ƙabilu daban-daban, kuma daga nan ne aka sami abin da ake kira Barikanci. Alamominsa sanannu ne. Ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace ba, sai a ji an ce wa mace "ya zo". Baƙaƙe masu lanƙwasa sukan miƙe, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Karin sauti yakan bi na harshen mai magana na asali. Sa'an nan ga kalmomin Ingilishi da na Burokin a tsakiyar jimla, musamman kalmomin ba da oda. Samanja ya ɗauki wannan harshe ya mai da shi kayan aiki: yakan tashi daga Hausa ya faɗa Turancin bariki ya komo, gwargwadon wanda yake magana da shi da kuma yadda ransa ya ɓaci.

To, a nan ne fa'idar haɗa ayyukan ta fito fili. Da wani malami ne ya zauna a ofis ya rubuta wa Samanja magana, da ɗayan biyu za a yi. Ko dai ya gyara Hausar ta koma daidaitacciya, gishirin ya tafi, ko kuwa ya cika ta da gwaranci har ta zama ba'a ga waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba su tanadi yadda za a nuna gurɓataccen karin sauti ba, balle tsawa, balle ɗan shirun da ake yi kafin a saki kalma. Wanda ya ƙago mutumin shi ne ya san muryarsa, shi ne kuma zai furta, saboda haka babu abin da ya zube a hanya tsakanin tunani da baki.

Ba a Nijeriya kaɗai aka ga haka ba. A Jamhuriyar Nijar, Oumarou Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocina. Ya fara fitowa a fim ne a hannun Bafaranshe Jean Rouch, a cikin Moi, un noir na 1958. A ƙarshen shekarun 1960 ya yi nasa fim, Cabascabo, labarin tsohon soja da ya komo gida da 'yan kuɗinsa abokai suka taya shi cinyewa. Shi ya tsara labarin, shi ya ba da umarni, shi ya fito. A 1972 wani fim nasa, Le Wazzou polygame, ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. Sojoji biyu ke nan, ɗaya a Kaduna ɗaya a Yamai, kowanne jarinsa na farko shi ne rayuwar da ya yi da kansa.

Ta ƙofa ɗaya ake shiga

Matasa masu sha'awar sana'ar sukan ɗauka cewa ana fara ayyukan uku ne a rana ɗaya. Tarihi bai nuna haka ba. Charlie Chaplin, wanda ake buga misali da shi a duniya, ya shekara da shekaru yana wasa a dandalin Ingila kafin ya je Amurka, kuma sai da ya yi wasa a ƙarƙashin umarnin wasu kafin a ba shi dama ya ba da nasa. Ganda ta wasa ya shiga. Ado Ahmad Gidan Dabino na Kano ta rubutu ya shiga: sai da littafinsa In Da So Da Ƙauna ya karɓu a hannun masu karatu kafin a mai da shi fim ɗin bidiyo a shekarun 1990, shi ma ya fito a ciki. Kowannensu ya ƙware a abu guda tukuna, sa'an nan sunan da ya yi a nan ya saya masa ikon taɓa sauran.

Har ila yau, da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun haɗa uku, in an bincika biyu suka haɗa. Raj Kapoor, wanda 'yan kallon silima a Arewa suka sani sarai, shi ya ba da umarni ya kuma fito a Awaara na 1951, amma Khwaja Ahmad Abbas ne marubucin. Hubert Ogunde, uban wasan kwaikwayon Yarabawa na zamani, ya yi shekaru fiye da talatin yana tsara wasanninsa yana jagorancin ƙungiyarsa, amma da ya zo yin fim ɗinsa na farko, Aiye, sai ya kira Ola Balogun ya ba da umarni. Dalili kuwa a fili yake. Mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Ɗan wasan da ke gaban kyamara bai san yadda ya fito ba sai an gaya masa, kuma idan shi ne shugaba, shi ne mai labari, shi ne tauraro, wa zai ce masa wannan fitowa ta yi tsawo? A ɗakin ɗaukar shiri na telebijin akwai ma'aikacin gidan da ke zaune gaban allo yana zaɓen hoton da za a watsa, wannan ya rage matsalar ta fuskar hoto. Ta fuskar labari kuwa ba ta ragu ba. Shi ya sa wasannin da aka gina a kan mutum guda sukan yi ƙarfi a wajen hali da magana, su yi rauni a wajen zubi: ana jin daɗin kowace fitowa, amma labarin yakan ƙare ne don lokacin shiri ya cika.

Kaduna ta ga ɗaya hanyar ma. Adamu Halilu, wanda ya yi aiki a sashen fim na Gwamnatin Jihar Arewa, shi ya ba da umarnin Shaihu Umar a 1976. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, daga littafinsa na 1934. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandali, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar a fim ɗin. Ga marubuci ya zama ɗan wasa, amma umarni yana hannun wani. Haka kuma Kasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a 2017, ya nuna iyakar abin da ɗan wasa zai iya idan ya ba da ƙarfinsa ga wasa: ya yi barkwanci a Karambana, ya fito a Magana Jari Ce da aka ɗauko daga littafin Abubakar Imam, ya kuma yi wasa da Ingilishi a Cock Crow at Dawn. Wanda ya ƙago wa kansa mutum guda yakan zauna a cikin rigar nan har ƙarshen rayuwarsa. Jama'a ba za su yarda ya tuɓe ta ba.

Wanda ake fara yanka wa

A cikin ayyukan uku, biyu ba su yiwuwa a tsallake su. Dole a tsaya gaban kyamara, dole wani ya ce a fara, a tsaya. Rubutu ne kaɗai ake iya ɗagawa zuwa gobe, domin wanda labarin ke cikin kansa ba ya jin bukatar ya rubuta wa kansa wasiƙa. Saboda haka idan mutum guda ya haɗa ukun, marubucin da ke cikinsa ne ake fara yanka wa, kuma ba a ganin asarar sai bayan shekaru.

A dubi abin da ke hannun ɗalibai. Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan wasa ne na rediyon Kaduna, amma da yake an buga shi littafi a Zariya a 1980, ana karanta shi ana nazarinsa. Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka sani da Kasagi, ɗan wasa ne, amma ya zauna ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, aka buga a 1979. Littafin ya shiga makarantu, kuma a farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta mai da shi fim a ƙarƙashin umarnin Brendan Shehu. Rubutun ne ya ba wani damar ɗaukar aikin ya sake gina shi. Shaihu Umar kansa ya daɗe ba a ganinsa, sai a 2016 aka gano faya-fayensa a wani ɗakin ajiya a Legas, aka gyara su a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Duk tsawon shekarun da fim ɗin ya yi a ɓoye, littafin da wasan suna nan ana karantawa. Wasan da ba a rubuta ba kuwa ransa yana jikin kaset, kaset kuma a wancan zamani abu ne mai tsada, har gidan BBC ma ya sha shafe tsofaffin shirye-shirye don a sake ɗauka a kai. Samanja ya fi yawancin waɗannan littattafai masu sauraro nesa ba kusa ba, amma ba shi ake ba ɗalibi ya karanta ba.

Da bidiyo ya zo, daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, sai aka gaji wannan al'ada ta ƙashin labari, aka kuma ƙara mata wani dalili, watau kuɗi. Mai ƙaramin jari in ya rubuta da kansa, ya fito da kansa, ya ba da umarni da kansa, ya huta da biyan mutum biyu. Kaduna ta taka rawarta a wannan zamani: a nan Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, a nan ne kuma Yakubu Lere ya shirya Wasila, wanda ya yi kasuwa ƙwarai a farkon shekarun 2000, kuma abin sha'awa, ya ba Ishaq Sidi Ishaq umarni maimakon ya riƙe da kansa. Na'urar zamani ta sauƙaƙa wa mai haɗa wasa da umarni, tun da yana iya komawa ya kalli abin da aka ɗauka nan take ya ce a sake. Amma ba ta rubuta wa kowa labari ba. Wasanni masu dogon zango da suka biyo baya, irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, su ne suka mai da cikakken rubutu wajibi, domin ba mai iya riƙe labarin mutum talatin a ka har tsawon shekaru.

Abin da ya rage na Samanja, a ɗakunan ajiya da hannun jama'a da kuma guntayen da ake sakawa a YouTube, yana jiran wanda zai saurara ya mai da shi rubutu. Aikin yana da wuyarsa. Mai rubutawa zai yanke shawara ko ya rubuta kalma yadda Samanja ya furta ta ko yadda ƙa'ida ta ce, ko ya sa alamar karin sauti a inda aka karya shi da gangan, da yadda zai rubuta kalmomin Ingilishi da aka tauna aka mai da su na bariki. Zai kuma bukaci tsofaffin sojoji su fassara masa wasu kalmomin oda da na zaman bariki waɗanda kurtun yau bai gāje su ba, kuma mafi yawan waɗanda suka yi aiki a shekarun 1960 sun haura shekara saba'in da biyar.